Tangarahon Kaka

Wata Laraba ce cikin watan Sha'aban, ina aji uku a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda tsit. Umma ta tafi kasuwar Bab Makka sayar da daddawa da kuka, Abba kuwa yana Madina, a gonar dabinon kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Kullum in na shigo, Kaka tana bakin ƙofa tana tsinkar zogale, sai ta ce, "Ga maigidana ya dawo hannu rabbana." Ran nan a kwance na same ta, gumi ya jiƙa mata kallabi, kuma da sunana na yanka ta kira ni.

"Habibu, je ka ce a buga wa ubanka tangaraho."

Ni haifaffen Jidda ne. Hausata ta aike ce da cin tuwo, a lungu kuwa da Larabci muke wasa. Na san buga ƙwallo, na san buga ƙofa, amma wannan ban taɓa jin sa ba. Na sake tambayarta, ta lumshe ido, numfashinta na fita da ƙyar. Na fita ba takalmi, kwalta na gasa mini ƙafa, ina ta maimaita kalmar don kada ta kuɓuce mini. Bayamanen da ke da kanti a lungunmu ya ce ba ya sayar da shi. Mai kantin magani ya ce in kawo takardar likita. Wani saurayi sabon zuwa daga Kano ya yi dariya, ya ce ko sunan alewa ne. Ni kuwa na san duk abin da nake nema, Kaka na can ita kaɗai tana jira.

A shagon Baba Iro tela na tsaya, tsohon da ya zo aikin hajji ta Sudan tun zamanin su Kaka. Da jin kalmar ya ɗaga ƙafa daga kan keke.

"Wa ya aiko ka?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Kalmar Turawa ce, bakinmu ya lanƙwasa ta. Saƙo ne da ake bugawa ta waya, gajere. A zamaninmu ba a buga shi don gaisuwa. Yalla, mu je."

Ya bar riga a ƙarƙashin allura, ya ja hannuna zuwa ɗakin buga waya. Da aka kira Abba, abin da Baba Iro ya ce masa kawai, "Ka taho yau."

Abba ya iso washegari da hantsi. Kaka ta gane shi, ta riƙe hannunsa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ga azumin shekarar ba.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa a hannu, saƙo na shiga yana fita har a kan tabarmar abinci, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Kalmar nan kuwa ban sake jin ta a bakin kowa ba. A gidanmu, tare da Kaka aka binne ta.