Cinikin Gidan Rediyonmu

Gidan rediyon da na yi wa aiki a Wudil, yadda ake sayar da bijimi a kara, kasuwar shanu, haka aka sayar da shi. Ba habaici nake yi ba. Mai tashar, wanda duk muke kira Baba, da fataucin shanu ya yi arziki, ya kafa ta da tsufansa don manoma da makiyaya. Da jiki ya fara ƙi, sai ya kira dillalinsa na kara, dillali ya kawo wani Alhaji mai harkar hatsi, mutumin Utai. Aka zauna a zaure gaban shaidu. Alhaji ya taya, Baba ya ce albarka, ya ƙara, Baba ya ce ya sallama. Aka shafa fatiha aka raba goro, ba wanda ya tuna da lasisi.

Ni ke gabatar da shirin noma da kiwo. Mijina ya rasu ya bar ni da yara, ba gona, ba jari. Muryar nan tawa ita ce tuwon gidana, kuma a garinmu ba wata tashar da zan kai ta.

Ba a daɗe ba jami'an hukumar da ke ba da lasisi suka iso. Ba su yi faɗa ba, bayani suka yi. Suka ce lasisi ba kaya ba ne, amana ce da sunan Baba, ba ya komawa hannun kowa sai hukuma ta binciki mai saye ta amince tun kafin ciniki. Tunda an miƙa tasha ba izini, dole a kashe na'ura. Amma suka bar mana ƙofa: a warware cinikin, tasha ta koma hannun Baba a ci gaba da aiki, sannan Alhaji ya nemi izini bisa ƙa'ida. Suka ba da wa'adi, in ya wuce a soke lasisin.

Har dariya na yi don jin daɗi. Na ɗauka maganar yini ɗaya ce, ashe wankin hula ne zai kai mu dare.

Na sami Baba a kishingiɗe, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Magana zarar bunu ce, 'yata. Tun ina yaro nake harkar kara, ban taɓa cewa na sallama ba na dawo na ce a ba ni kayana. In shi ya ce ya fasa, ko yau zan karɓa."

Na hau babur sai Utai, cikin taɓon damina. Alhaji ya karɓe ni hannu biyu, ya ce shi ma bai ƙi ba. Sai dai Baba sa'an mahaifinsa ne, kuma wanda ya sayi kaya a hannun dattijo mara lafiya, ya mayar masa don ya ga aibu, ya ci mutuncinsa ke nan. In Baba ya nema, zai bayar nan take.

Na koma da gudu na ce ai magana ta ƙare, kowa ya yarda. Baba ya ce irin wannan saƙo ba ɗan aike ke kai shi ba, dillalin da ya ƙulla shi ke kwancewa. Dillali kuwa ya ce mini in aka ji cinikinsa ya warware, ba mai sake damƙa masa igiya a kara. Daga ranar, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Na rame. Abinci ya daina shiga, in yarana suka tambaye ni yaushe zan koma aiki sai in hau su da faɗa ba laifin komai. Abokan aikina maza suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ya tafi Kano. Ni ina zan je? Mutanen Lajawa da Kausani kuwa ba su daina tare ni a hanya ba, suna tambaya ko rediyonsu ne ya lalace.

Da wa'adi ya matso, na je na yi wa limamin unguwarmu kuka, kuka na gaske, har da majina. Ya tara Baba da Alhaji a zaurensa, ni ina tsugune daga bakin ƙofa. Ya ce warware ciniki bisa yardar juna halal ne, har lada ake samu. Baba ya gyaɗa kai, Alhaji ya gyaɗa kai. Sai Alhaji ya tambayi jikin Baba. Baba ya tambayi ruwan Utai. Suka shiga tsadar taki, suka fito suka shiga ciwon shanu. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Na kasa daurewa, na ce, "Baba, don girman Allah, kalma ɗaya ce. Alhaji, ka dubi marayun nan."

Liman ya ce in yi haƙuri, manya na magana. Aka kira la'asar, suka miƙe, Alhaji ya ɗauko wa Baba takalmansa ya ajiye masa a gaba. Ban taɓa jin haushin ladabi irin na ranar ba.

Wa'adi ya cika, aka soke lasisin.

Bayan 'yan kwanaki na ji sallama a ƙofar gida. Su ne, su biyu, a mota ɗaya, Alhaji na riƙe da hannun Baba kada ya faɗi. Wai jaje suka zo yi mini. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa. Baba ya ce in ɗauki ƙaddara, Allah bai nufi tashar da tsawon rai ba, Alhaji ya ce ƙwarai kuwa. Na buɗe baki in faɗi abin da ke cina, sai na ji kaina ina cewa ba komai, na gode, Allah ya ba da ladan zumunci.