Kwalbar Beryl

Shekara arba'in da ɗaya Dulcie Pohlner ta yi tana aiki a gidan dafa giya na su Liebelt, wanda yake ƙarshen Layin Rijiya tun kafin a zuba wa layin kwalta. Rabin mutanen layin jikokin masu haɗa gangunan giya ne da masu keken doki, kuma har yau da ƙamshin dafaffen sha'ir suke gane Talata ta yi.

Aikinta kula da yis, abin nan da ke tayar da giya. Liebelt na farko ne ya taho da shi daga Jamus a tulu, ana ciyar da shi ana ɗiba, yau shekara ɗari da talatin. Duk ɗanɗanon giyar gidan daga gare shi yake. Shi ya sa aka kafa doka: ko cokali ɗaya ba ya fita ƙofa.

Sai ga wani Janairu, lokacin tsananin zafi a ƙasarsu, wutar daji ta cinye turakun lantarki. Kwana biyar firijin da ake ajiye tulun a mace, ga zafi kamar a gasa mutum. Da Dulcie ta buɗe tulun, ɗoyi ne ya tare ta. Ta zauna a kan ganga ta sha kuka, don ita ba ta haihu ba, wannan abin ta raina kamar ɗanta.

Warwick Liebelt, mai gidan na yanzu, wanda ta yi wa wanka yana jariri, ya ce sai dai a sayo na kanti.

"Na kanti? To ka goge sunan kakanka daga jikin kwalba."

"Gwaggo, ya mutu fa. Ya zan yi?"

Ta fyace hanci. "Ɗauko hularka. Kuma kada ka kuskura ka zare min ido."

Ta ja shi gida na tara, wajen tsohuwa Beryl, wadda burodinta ya yi suna a coci.

"Beryl, fito da kwalbar nan."

Beryl ta dubi Warwick sama da ƙasa. "Wace kwalba kuma?"

"Ke dai fito da ita, asiri ya riga ya tonu."

Beryl ba ta taɓa yarda da firiji ba. Ta zagaya bayan gida ta jawo igiya daga rijiya, sai ga kwalba mai sanyi, kumfa na motsi a ciki. Ashe duk Juma'a Dulcie na sammawa matan layin yis ɗin ta ƙofar baya, suna kwaɓa burodi da shi.

Warwick ya shinshina, idonsa ya ciko. "Gwaggo, tun yaushe kike mana wannan ɓarnar?"

"Ni ma gada na yi, ɗan nan. Kakarka ce ta fara."

Ya rungume kwalbar a ƙirji ya bi tsakiyar titi a hankali. Dulcie na gefensa tana tare masa rana da gyalenta, tana masa faɗa kada ya girgiza mata yis ɗin.