Takabar Mma a Jikin Bango

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Juma'a muka shiga gidan nunin hotuna. Mu uku ne: ni, da Kawu yayan mahaifiyarmu, da autanmu wanda ya gayyace mu. A shekarun tamanin ne, shekara guda bayan rasuwar mahaifinmu.

Ni tela ne a unguwar Maamobi da ke birnin Accra, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Auta ya koyi ɗaukar hoto a wani shago a Adabraka, inda ake yi wa mutane hoton fasfo da na biki. Daga baya ya haɗu da wasu samari masu zane-zane, suka tara ayyukansu za su nuna wa jama'a a wani gida kusa da bakin teku. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta yi murna ƙwarai. Ta bi gidajen lungunmu a Nima tana gaya wa mata cewa aikin ɗanta ya kai inda manya ke zuwa kallo. Suka yi magana da wani direban trotro, wato motar haya, zai kwashe su ranar Asabar da hantsi. Ni da hannuna na goge mata leshin da za ta sa. Kawu ne ya ce ba a kai mata wurin da maza ba su fara gani ba, shi ya sa muka riga su da kwana ɗaya.

A bakin ƙofa Kawu ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Ya sake yi, sannan ya sunkuya zai cire takalmi. Auta ya riƙe masa hannu ya ce a nan da takalmi ake shiga. Ɗakin fari ne fat, ba kujera, ba tabarma, fitilu kuma duk bango suke haskawa. Mutane na tafiya a hankali da kofuna a hannu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar mutuwa.

A ɗakin farko akwai zanen masunta da kwale-kwalensu, da na mata masu doya a kasuwar Agbogbloshie. A tsakiya an kafa wata mace ta katako, ba ko ƙyalle a jikinta. Kawu ya kau da kai.

"A'uzubillahi. Duk Accra an rasa yadi ne?"

"Kawu, katako ne fa," in ji auta.

"Na ga katako ne. Wanda ya sassaƙa ta shi ma katako ne?"

Muka wuce ɗaki na biyu, inda aka rataye hotunan auta. Na bi su daga dama zuwa hagu, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son tsallake. Ga babbar kwatar Nima bayan ruwan sama. Ga mahauci yana wasa wuƙa. Ga sahun sallar Idi an ɗauko ta baya, ba fuskar kowa. Ga mai sayar da wake da shinkafa tana ɗaga murfin tukunya, tururi ya rufe ta. Zuciyata ta yi fari. Har na juya zan ce masa madalla, sai na ga Kawu ya tsaya cak yana kallon bangon ƙarshe, carbinsa ya faɗi ƙasa bai sani ba.

Hoton da ke wurin ya kai girman ƙyauren ɗaki. Mma ce a ciki. Tana zaune a kan tabarma a kusurwar ɗakinta, cikin tsohon zanen da ta yi takaba da shi. A bayanta ga gadon mahaifinmu ba kowa a kai, ga hularsa a jikin ƙusa. Ɗankwalinta ya zame ya faɗo a wuya. Gashinta a tsefe, duk furfura, kafaɗarta ɗaya a waje. Bakinta a ɗan buɗe, idanunta sun kumbura.

Wanda bai san takaba ba, bari in gaya masa. Matar da mijinta ya rasu tana zaman wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba lalle, ba kitso, ba turare. Ba ta fita sai da larura. A gidanmu ko maƙwabci ya zo gaisuwa, daga bayan labule yake yi ya tafi. Ni ɗanta na fari, tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan Mma a buɗe ba. Ran nan na gan shi, ina tsaye a bayan wani bature da wani mutum mai kwat, suna nuna kafaɗarta da yatsa suna gyaɗa kai.

Na kamo auta a gwiwar hannu na ja shi gefe.

"Wa ya ba ka izini?"

"Yaya, na tambaye ta."

"Me ka ce mata?"

"Na ce zan ɗauki hoto a ɗakin. Ta ce in ɗauka."

"Ka ce mata ita za ka ɗauka? Ka ce za ka rataye ta a gaban maza?"

Ya ce, "Yaya, duk cikin aikina babu kamarsa. Kowa ya zo nan yake tsayawa."

"Na ga suna tsayawa," na ce.

Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a, ya rage daga shi sai 'yar ciki, ya je ya ɗaga hannu ya lulluɓe hoton da ita. Rigar ba ta kai ƙasa ba, ƙafafun Mma suna leƙowa. Mai gadi ya taho da sauri, a bayansa wata mata 'yar ƙabilar Ga mai tabarau, ita ce mai kula da wurin. Ta yi magana da ladabi, da Turanci, ni kuma na tattara ɗan abin da na samu a makaranta na amsa mata. Na ce wannan mahaifiyarmu ce, tana da rai, gobe za ta zo nan da matan unguwa, a sauke shi yanzu mu tafi da shi.

Matar ta dafe ƙirji ta ba mu haƙuri. Sannan ta ɗaga gefen rigar Kawu ta nuna mini wata 'yar jar takarda, ƙarama kamar ƙwayar wake, manne a ƙasan katakon hoton. Na gan ta tun farko, na ɗauka ado ne. Ta ce alamar an saya ke nan. Tun daren buɗewa wani baƙo ya saye shi, kuma idan an rufe nunin zai tafi da shi ƙasarsu. Ta ce yanzu ba na auta ba ne, ba nata ba ne, ba ta da ikon ba mu. Na ce ta faɗa mini sunan mutumin in je in same shi. Ta ce ba a faɗa.

Na fassara wa Kawu. Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba.

"An sayi wa?"

"Hoton, Kawu."

"Ƙanwata ce a ciki. Wa ya sayar da ita?"

Auta ya sunkuyar da kai. Mai gadi ya sauke rigar a hankali, ya ninke, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Kawu bai sa ta ba. A hammata ya riƙe ta har muka shiga trotro.

Mun iso ana kiran magariba. Bayan salla na sami Mma a tsakar gida tana hura gawayi a kurfoti za ta ɗumama miya, leshinta a rataye a igiya. Ta ce, "To, yaya wurin? Akwai inda tsofaffi za su zauna?"

Na durƙusa na gaya mata, daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta yi mini tambayoyi.

"Girmansa kamar me?"

"Kamar ƙyauren nan, Mma."

"Maza sun gani?"

"Sun gani."

"Kaina a rufe yake?"

Na ce a'a.

Ta ajiye maficin. Sannan ta kira auta, ya zo ya tsuguna nesa da ita.

"Ni na zaci gadon babanku da hularsa kake ɗauka," ta ce, "don a aika wa 'yan'uwansa a arewa. Ashe ni ce." Muryarta ba ta tashi ba. "Abin da kuke wanko hoton daga cikinsa, yana ina?"

Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan baƙin fim a cikin takarda. Ya ce, "Mma, shi kaɗai ne." Ta karɓa ta ɗora a kan garwashi. Ya nannaɗe, ya yi wari, ya ƙare. Ta mayar da tukunyar miya a kai.

Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta bi gidajen lungu da kanta, ta ce wa mata tafiya ta fasu. Ba ta ba da dalili ba. Amma Accra ba ta da girman da za a ɓoye abu mai girman ƙyaure. Kafin a rufe nunin, wani maƙwabcinmu direban tasi ya kai fasinja wurin, ya leƙa, ya dawo da labari. Mma ta yi kusan shekara ba ta je suna ko biki ba. Auta ya koma unguwar Madina ta nan Accra da zama. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ta, tana zuba masa tuwo, tana sa masa albarka, amma kyamararsa a shagon mai kayan masarufi na bakin lungu yake barin ta. Har Mma ta koma ga Allah ba ta ƙara yarda an ɗauke ta hoto ba. Na koma wurin matar mai tabarau bayan an kwashe kayan nunin. Ta ce mutumin ya riga ya tashi.

Yanzu kai mai karatu, ga abin da nake roƙo. Mutanenmu na zango sun bazu a ƙasashe, wasu suna aiki a gidajen turawa, wasu suna shiga irin waɗannan wurare na kallo. Idan ka ga hoton wata tsohuwa a kan tabarma, kanta a buɗe, da gado ba kowa a bayanta da hula a jikin ƙusa, kada ka tsaya kallo. Ka nemi mai shi, ka gaya masa takaba take yi kuma ba ta sani ba aka ɗauka. Ka roƙe shi ya sauke shi. In ya ƙi, ka roƙe shi ya juya fuskarta bango.