Gorar da Ba Ta da Kunne

Iya, kakata ta wajen uwa, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Mu biyu ne a ɗan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaki. Sana'arta dakau da niƙa. Da sassafe matan gari kan aiko da ƙoren gero da dawa a jera a ƙofar ɗakinta. Ladanta tsaba cikin tafi biyu daga kowace ƙwarya, sai dusa. Abin da muke ci ke nan.

In an yi isha'i sai ta tura kara a murhu, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?" In ce, "Ni ce." Ta ce, "Ke da kike barci tun kura ba ta fito ba?" Ƙarya take yi mini, ita ce mai gyangyaɗi a tsakiyar labari.

Shekarar da aka fara hayaniyar zaɓe, Alhaji Ɗanladi ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa, ya kuma ajiye akwatin rediyo a rumfarsa. Daga gida muna jin ƙugin injin. Ƙoren ƙofarmu suka fara raguwa. Rannan Kawu Sale ya zo daga Tudun Wada, ina bayan zana na ji yana cewa, "Iya, in abin ya gagara ki ba ni Hajara." Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Kullum da asuba ƙofa nake fara leƙawa.

Shi kuwa akwatin, ba ya gajiya da yabon masu mulki da injinan da suka kawo. Kowa na murna, in ji shi. Wasu maza kan yi ƙasa da murya su ce ai na ɓangare ɗaya ne, ba za ka taɓa jin bakin 'yan hamayya a ciki ba. Iya ba ta yarda ba. A ganinta mutumin da ke magana a ciki bawan Allah ne da ba a kai masa labari ba.

Sai ta yafa mayafinta na unguwa, ta ja hannuna har rumfar. Ta durƙusa gaban akwatin ta yi sallama.

"Malam, barka da aiki. Ka ce kowa na murna. To ni Dije mai dakau, kwana uku ƙwarya ɗaya nake samu, ga marainiya a hannuna. Ka faɗa wa manya."

Ta kasa kunne tana jiran amsa. Mutumin akwatin ya ci gaba da zancensa, can ya saki kiɗa. Mazan rumfar suka fashe da dariya. Iya ta tashi, ta shafa gefen akwatin na dama, ta shafa na hagu, muka dawo gida.

Daren nan ba ta tsokane ni ba. Ta ce wai a wani gari an yi wani baƙo da ya zo da taɓaryar ƙarfe mai daka da kanta, da wata gora mai magana. Taɓaryar ta dake hatsin garin kaf. Ta gama, ta shiga saƙa, ta shiga jan ruwa, ta shiga noma. Mutane suka zauna, hannuwansu suka fara ƙanƙancewa har suka koma kamar na jarirai. Kowace yamma gorar ta ce, "Kowa ya ƙoshi." Mai jin yunwa sai ya ɗauka shi kaɗai ne, kunya ta hana shi faɗa. Wata tsohuwa ta je ta gaya wa gorar gaskiya. Ta juya ta, ta sake juyawa, ashe baki ne kawai da ita, an yi ta ba kunne.

Nan Iya ta tsaya. Wutar ta kusa mutuwa, ni kuwa na ɓoye hannuwana a cikin zane ina matsa su.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Ban sani ba, ƙawata. Ba a gama ta ba tukuna."

Ban taɓa jin tatsuniyar da ba ta da ƙarshe ba, kuma ba abin da ya taɓa firgita ni kamarta. Bayan sati biyu na leƙa ƙofa na tarar da ƙasa a share, ko ƙwarya ɗaya babu. Ranar kasuwa aka ɗora ni a bayan motar gyaɗa zuwa Tudun Wada. Iya ta rasu kafin damina ta zagayo, ban sake ganinta ba.

Na daɗe ina jin kunyar abin da ta yi a rumfar nan, ina cewa ƙauyanci ne. Yanzu na fi ta tsufa. Kwanan baya aka sallami jikata daga ofis, wai na'ura ta iya aikinta. Da yamma muna zaune, mutumin talabijin ya ce jama'a na farin ciki da ci gaban da gwamnati ta kawo. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta tura hannuwanta cikin hijabi. Na lallaba na tashi, na shafa gefen akwatin talabijin ɗin na dama, na shafa na hagu.