Bakin da ya ce eh

Tafinta ake kiransa, har matarsa ma. Da can faci yake yi a bakin tasha. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar maƙwabta, mutane suka yi ta kwararowa, sai ofishin rajista ya nemi mai jin yarensu. Shi kuwa a nono ya sha, uwarsa 'yar can ce. Aka ba shi kujerar roba kusa da teburin wata jami'a.

Shekara huɗu gwamnati na cewa mutanen nan baƙinta ne. Rana ɗaya manya suka sha hannu da masu mulkin can, shi ke nan, wai an yi sulhu. Sabuwar takarda ta sauko, tambaya ɗaya tal: ka amince a mayar da kai?

Tafinta mutum ne mai taushin baki, abin da ya ja masa ke nan. Wata tsohuwa ta zauna gabansu. Ya ga tambayar ta yi mata tsauri, sai ya sassauta.

"Iya, kina son gida?"

"Ɗana, wa ba ya son gida?"

"Me ta ce?" in ji jami'ar.

"Ta ce eh."

Aka dangwala yatsanta, aka sa ta a mota. Har albarka ta sa masa. Bayan sati uku aka ƙone garin da aka sauke su, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba.

Tun daga nan bai ƙara sakewa ba. Ko ruwa matarsa ta tambaya zai sha, sai ya yi jim kafin ya amsa. Duk tsohuwar da ta shigo ofis, sai ya sunkuyar da kai.

Watanni suka wuce, wata mata ta iso da goyo, ƙafafunta duk sun kumbura, tana neman uwarta. Jami'ar ta duba, ta zaro takardar tsohuwar nan.

"Faɗa mata uwarta da bakinta ta amince."

Tafinta ya dubi shaidar yatsan nan, ya dubi matar. Da yaren uwarsa ya ce, "'Yar'uwa, ba ta amince ba. Ba a ma tambaye ta ba. Ni na ce eh."

Matar ta zuba masa ido, ko ƙiftawa babu.

"Ta gane?" in ji jami'ar, tana jawo takarda ta gaba.

"Ta gane," ya ce.