Baba Nagode da Soron da Ya Hana Ni Rushewa

Idan aka sallame sallar asuba a Morai, kowa na neman abin karyawa, shi kuwa Baba Nagode magini sai ya naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga kwaɓin ƙasa. Yana cuɗa ta da ƙafa, yana barbaɗa mata busasshiyar ciyawa. Kafin rana ta take ya wanke hannu ya nemi inuwa, domin a cewarsa ba a taɓa yin gardama da rana aka ci riba ba. Haka ya yi shekara arba'in da 'yan kai. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye aiki. Ba a yi masa taro ba, ba a naɗa shi sarkin komai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda duk ya gan shi a bakin aiki, daga Janbako har Bakura, zai ba ka labari ɗaya. Ba ya aza tubali sai ya watsa ƙaiƙayi sama ya ga inda iska ta kai shi, sannan ya ce ga inda taga za ta zauna, ga 'yar'uwarta a gabanta. Katangarsa kuwa kauri ne da ita kamar ba a son maƙwabci ya ji tari. Mutane kan yi masa tsiya cewa yana ɓarnar ƙasa, shi kuma ya ce ƙasar ba ta ƙarewa.

Ni ma ina cikin masu tsiyar, gara in faɗa da bakina. Shekara shida da suka wuce na gina wa mahaifiyata, Inno, ɗakin bulo a gidanmu na Talata Mafara. Rufin kwano, tagar gilashi, ga na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa esi. Ina ta hura hanci, ni ga ɗa mai albarka. Saura tsohon soron ƙasa na marigayi babanmu, soron da ya tsone mini ido, don a nan nake son ajiye mota. Na aika aka kira Baba Nagode ya rushe.

Ya zo ya shafa katangar, sannan ya ce:

"Abdurrashidu, ni da babanka munka gina wanga soro. Ba ni rushe shi. In ka matsu nemi wani, amma ka bari sai na mutu."

Na ce, "Haba Baba, ai zamani ya wuce ɗakin ƙasa."

Ya ce, "To madalla. Shi zamanin, kullum yana da wuta?"

Na yi dariya, na bar soron. Kunya ce ta hana ni, ba wai na yarda ba. Muka mayar da shi wurin ajiye buhunan shinkafa. Shi kuwa duk bazara sai ya hau mashin ɗin haya ya zo ya yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, ba tare da kowa ya kira shi ba.

Sai bazarar bara, wadda ko tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ina Bakura wurin aiki, da hantsi, matata Taibatu ta bugo waya. Wuta ta zo da ƙarfi, esin Inno ya yi ƙara ya mutu, wutar ma ta ɗauke. Na kira Mas'udu mai gyara, ya ce yana Gusau, sai gobe. Nan na tafka wautar da har yau nake nadamarta. Na ce wa Taibatu ta rufe ƙofa da taga ruf, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma, kada sauran sanyin ya fita. Ta yi yadda na ce. Tsohuwa mai shekara tamanin, ga hawan jini, muka rufe ta a ƙarƙashin kwano da tsakar rana.

Allah da ikonSa, ranar Baba Nagode yana gidan wurin yaɓe. Ya tashi aiki, yana zaune a inuwar soron. Akwai wani wuri a gindin katangar Inno inda ruwan esi ke ɗiga, kajin gida sun saba sha a nan. Sai ya ga kajin sun taru, baki buɗe, ƙasa a bushe ƙamas. Ya saurara, bai ji kukan na'urar ba. Ya dubi tagar, a rufe.

Taibatu ta ce ba ta taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba.

"Ke ɗiyata! Wa ag ga ɗakin ga?"

"Inno ce, Baba. Barci take yi."

"Barci? Buɗe ƙohwa maza! Wanga ba ɗaki ba na yanzu, tanda ta."

Da ta buɗe, hucin da ya buge ta sai da ta ja da baya. Inno na kwance, jiki zafi rau, babu ko ɗigon gumi. Ana yi mata magana tana kiran sunan babanmu, wanda ya shekara goma a ƙasa.

Dattijon nan mai ciwon gwiwa shi ya ja buhunan shinkafa waje ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka kira matan maƙwabta, suka ɗauko Inno a tabarma zuwa soron. Ya fita waje ya juya baya yana ba da umarni. A rage mata tufa. A jiƙa zane da ruwan randa a rufa mata, a riƙa jiƙa wuya da hammata. A buɗe tagogin nan biyu, a yi ta fifita. Kada a ɗura mata ruwa sai ta iya haɗiya da kanta, sannan kaɗan-kaɗan. Kuma ya ce, "Ni magini na, ba likita ba. A kira malamar asibiti yanzu-yanzu."

Ban san yadda na taho daga Bakura ba. Abin da na sani, na shigo ina jiran in ji kuka. Sai na ji muryar Inno daga cikin soron tana faɗa, wai wane ne ya jiƙa mata zanen fita unguwa. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗanta kamar ranar ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, hawaye na zuba, ina dariya. Malamar asibiti ta duba ta, ta sa aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa, ta kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa da an ƙara awa guda, da wani zancen ake yi.

Baba Nagode bai ce "ai na gaya maka" ba. Ya ɗauki takalminsa ya ce in gai da mai jiki.

Baba, kai ne ka ga abin da mu masu boko muka tsallake. Kai ne ka ƙi sa hannu ka rushe abin da ka san ranarsa na zuwa, ka yi ta lallaɓa shi shekara biyar muna yi maka kallon mai taurin kai. Gwanin ƙasa, da tsohuwar zuma ake magani. Na gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma jama'a, esi ba laifi ba ne, namu ma an gyara shi. Amma ranar da ya tsaya, ku fara duba wanda ke cikin ɗakin kafin ku nemi mai gyara. Ku buɗe, ku fito da tsofaffi da jarirai wuri mai sanyi. In kuna da ɗakin ƙasa ko itace mai inuwa, ku bar shi. In kuna da irin Baba Nagode a unguwa, ku je ku koya tun yana iya nunawa.

Bana da lokacin yaɓe ya yi, na je Morai na ɗauko shi. Ya zauna a kujera yana nuni da sanda, ni na naɗe wando na shiga kwaɓi, Inno na leƙowa daga soron tana cewa ban iya ba. Motata kuwa har yau a rana take yini, fentinta duk ya koɗe. Duk lokacin da na kalle ta, sai in ce alhamdulillahi.