Keke Mai Lamba Sha Bakwai

Walenty Gajda makanikin kekunan ɗinki ne a masana'antarmu ta garin Radom, lokacin yaƙi, inda Jamusawa suka sa mu ɗinka wa sojojinsu rigunan sanyi. Tsoho ne mai baƙar mita, kullum lofe a bakinsa ba taba a ciki. Keke yake zagi kamar mutum, mutum kuwa da ƙyar ya amsa masa gaisuwa.

Tsarin da aka aiko daga sama bai da wuyar ganewa. Keke arba'in, katin aiki arba'in. Mu 'yan Poland in aka kore mu, gida za mu koma. Bayahudiyar da ta rasa katinta kuwa jirgin ƙasa ake saka ta, kuma ba mu taɓa ganin wadda ta dawo ba.

Rannan ƙarfen da ke kama zaren ƙasa ya karye a keke mai lamba sha bakwai, na Frajda, Bayahudiyar da ke zama kusa da ni. Walenty ya leƙa cikinsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Pan Walenty, ya mutu ko?" in ji ta. Pan shi ne malam a yarenmu.

"Wa ya mutu? Ke likita ce? Taka abinki, yarinya, kada in ji ƙafarki ta tsaya."

Ya rubuta neman sabon ƙarfe ba tare da ya faɗi na wane keke ba ne. Frajda ta dinga taka keken banza daga safe har yamma, mu kuma kowacce ta ƙara hannun riga biyu a kan nata, mu tura mata ta ƙarƙashin tebur. Mako shida muna haka, yatsunmu duk sun fashe, amma ko riga ɗaya ba ta yi gibi ba. Har alfahari muke yi, wawaye.

Sai ga injiniyan tsare-tsare ya zo duba aiki, siriri mai tabarau, ba ya ko ɗaga murya. Yana bin layi yana kasa kunne. A sha bakwai ya tsaya. Keken da ba ya cin yadi kukansa daban ne.

"Tun yaushe?" ya tambayi Walenty.

"Yau da safe, ranka ya daɗe."

Injiniyan ya shafa cikin keken da yatsa, ya duba. Tas yake, ba ko burbushin zare. Walenty, da tsabtarsa ta tsiya, kullum sai ya goge shi. Injiniyan ya buɗe takardunsa.

"Ya daɗe a mace, kuma aiki bai ragu ba. Ashe talatin da tara sun isa."

"Ƙarfen yana hanya!" Walenty ya ce, lofen ya faɗi ƙasa. "Mako ɗaya kawai, ranka ya daɗe!"

Injiniyan bai ko kalle shi ba, ya miƙa wa Frajda hannu. Ta ciro katin daga ƙirjinta ta ba shi. Har yau ina jin haushin kanmu, da mun bar aikin ya ragu da wataƙila sun ga amfaninta.

Bayan kwana tara da tafiya da ita ƙarfen ya iso. Walenty ya ɗaura shi cikin minti biyar, ya saka ƙyalle ya taka, ɗinki ya fito sumul. Ya zauna a kujerarta yana kallon ƙyallen, har aka kaɗa ƙararrawar tashi bai motsa ba.